Ranar da Inna Ta Kira Sunana

Ni 'yar fari ce, kuma a garinmu 'yar fari ba ta da suna a bakin uwarta. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka kowa ya taso ya tarar. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Mata da yawa sama-sama suke yin abin, su bi al'ada a tsakar gida, su rungume ɗansu a ƙuryar ɗaki. Inna kuwa ba ta iya abu rabi da rabi ba. Ta riƙe kunyar nan hannu bibbiyu, har matan unguwa suna ba da misali da ita in za su yi wa sabuwar mai jego faɗa.

Garin namu ƙarami ne, a bakin daji ta wajen Kakangi, tun zamanin da ba a san Nasara ba a ƙasar Birnin Gwari. Ganuwa ce ta ƙasa ta kewaye mu, bayanta sarƙaƙiya, ƙofar kuma ƙanƙanuwa, in jaki ya ɗauko kaya sai an sauke masa kafin ya shige. Baba maƙeri ne. Da rani yakan bi maza daji su haƙo tama su narka, ya dawo baƙi ƙirin yana warin gawayi. Ni a ɗakin Kaka nake kwana, uwar Baba, ita ta yaye ni, ita ce kuma take kiran sunana tun safe har dare kamar mai tallar fura.

In Inna tana son in yi mata aiki, ba ta duban inda nake. Sai ta ce, "A gaya wa waccan ta ɗebo ruwa." Sau da yawa ba kowa a gidan, daga ni sai ita sai wata jar akuya da muke ɗaurewa a gindin rumbu. Ina ƙarama nakan tsaya in zuba wa akuyar ido, in ga ko za ta isar da saƙon. Ba ta taɓa isarwa ba, sai dai ta ci gaba da tuƙa. Da na yi wayo na gane ni ce waccan, sai in ɗauki tulu in fita.

Na taso yarinya marar magana. Ba na kuka, ba na kai ƙara, in an doke ni sai in tsaya ƙiƙam in kafe mutum da ido har ya tsargu. Wannan hali nawa kowa a gidan yana da sunan da ya ba shi. Baba cewa yake jarunta ce. Wata rana a bakin maƙera kububuwa ta bi ta kan ƙafata ta wuce, ban motsa ba, ban ce uffan ba. Tun daga ranar ba baƙon da zai zo gyaran fartanya bai sha labarin ba. "Wannan da namiji ce," in ji shi, "da ita zan bar wa gari." Inna kuwa miskilanci take kiransa. Nakan ji tana gaya wa maƙwabta, "Waccan ai ba a gane cikinta. Ƙanenta in ya ji ciwo ya faɗa, ita sai ta haɗiye ta bi ka da ido."

Dukansu ba su san komai ba. Tsoro ne. Ban taɓa ganin matsoraciya irina ba. Ina tsoron duhu, ina tsoron rijiya, ina tsoron kukan mujiya da tarin tsofaffi. Sai dai ni in tsoro ya kama ni ba ya fita ta baki, ba ya sauka ƙafa. Sandarewa nake, maƙogwarona ya rufe, ko da ina son yin ihu iska ce kawai take fita. Ranar kububuwar nan da Baba yake alfahari da ita, sai da na yini ban iya haɗiye ruwa ba.

Ko daga ina na samo wannan hali, Allah kaɗai Ya sani. Kaka takan ce tun ranar da aka haife ni sai da ungozoma ta mintsine ni kafin na yi kuka, ta ce da halina na zo. Wataƙila haka ne. Amma ina tuna yadda ƙanena yake faɗuwa ya buɗe baki, Inna ta yar da taɓarya ta sure shi. Ni in na faɗi na ɗaga ido wajenta, ƙeyarta nake gani. Yaro ba ya sanin al'ada, abin da ya gani shi ya sani. Na lura kukana ba ya juyo da fuskar da nake so ta juyo, sai na daina ɓata shi.

Akwai doka ɗaya da ake koya wa kowane yaro a garinmu kafin a bar shi ya fita ƙofa. In kana daji ka ji an kira sunanka, kada ka amsa sai ka ga mai kiran. Tsofaffi sukan ce iskokin daji suna aron muryar danginka, mayu ma haka, kana amsawa sun kama kurwarka. Wannan dalili ɗaya ke nan. Ɗaya dalilin ba a cika faɗarsa da ƙarfi ba, sai an rage murya. Mahara masu kama bayi, waɗanda suke zuwa a kan dawakai daga yamma, sun san yara sun iya ɓuya. In suka kama babba sai su sa masa igiya a wuya, su tasa shi gaba ya bi duwatsu yana kiran yaran da sunayensu.

Shekarar da abin ya faru, rani ya wuce lafiya, ba a ji ɗuriyarsu ba. Ruwa ya sauka, an yi shuka, mutane suka saki jiki, don an saba in rafuka suka fara kawo ruwa dawakai ba sa ratsowa. Lokacin ne kaɗanya take zubar da 'ya'ya, mata suna sammako su tsinto, a sha taɓon, wato naman 'ya'yan, a tara ƙwarar don a yi mai. Ƙanena yana fama da zazzaɓi, Inna ba ta iya fita. Da sassafe ta ajiye ƙwarya a gindin rumbu, tsohuwar ƙwarya ce da ta taɓa tsagewa aka ɗinke ta, ta ce, "A gaya wa waccan ta bi maƙwabciya, kada ta yi nisa."

Maƙwabciyar tamu mace ce mai fara'a, mai yawan dariya, tana da 'ya'ya mata biyu, babbar sa'ata ce. Muka fita tare da sauran mata, raɓa tana jiƙa mana ƙafa. Ni dai halina ne, ba na son tsinta cikin hayaniya, sai na zame na nufi wata kaɗanya da ta fito a gefen wasu duwatsu. 'Ya'yanta da yawa sun gangara cikin wata tsaga tsakanin dutse da dutse, wadda ƙaya ta rufe bakinta. Na ajiye ƙwaryata, na kwanta rub da ciki, na cusa kai da kafaɗa ina lalubo su.

Ina cikin haka na ji ƙasa tana motsi a ƙirjina. Kafin kunnena ya ji komai, cikina ya ji. Sai kuma gangar gari ta tashi daga kan ganuwa, irin kiɗan da ba a yinsa don biki, sai kururuwar mata ta ko'ina. Da a tsaye nake a fili, na rantse da nan za su tarar da ni kamar an dasa. Allah Ya sa rabin jikina yana cikin dutse. Na ja sauran na shige, ƙafata ta ture ƙwaryar, na ji ta tana gangarawa ta bayan dutsen.

Wurin bai fi a cusa tulu ba. Na dunƙule, gwiwa a haɓa. Ta tsakanin ƙaya ina iya ganin ƙasa da abin da yake tafiya a kanta, amma daga gwiwa zuwa sama ba na ganin kowa sai in ya yi nisa. Na ga ƙafafun dawakai sun wuce, laka tana fallatsa. Na ga wata mata ta zo da gudu ta faɗi, aka ja ta. Na ji muryoyin maza, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Hausa suke yi, irin tamu sak. Ni da na ɗauka mahara wani yare suke da shi na daban, kamar kuraye.

Da hayaniya ta lafa, sai na ji muryar maƙwabciyarmu. Ta fito daga cikin itatuwa, can nesa kaɗan inda nake iya ganinta duka. Ɗankwalinta ya faɗi. Igiya a wuyanta, wani dogon mutum yana riƙe da bakin igiyar, mashi a ɗaya hannun.

"Kira su," ya ce.

Ta kira 'ya'yanta a hankali, yadda ko ni da kyar na ji. Ya buga mata gindin mashi a baya.

"Da ƙarfi. Ki ce mun tafi."

Ta ɗaga murya. Ta kira babbar, ta kira ƙaramar, ta ce su fito an tafi, su zo a koma gida. Muryarta ce ta kullum, wadda take kiransu da ita cin tuwo. Babbar ba ta fito ba. Ƙaramar, wadda ba ta daɗe da iya magana sosai ba, ta fito daga cikin wani kurmi da taɓo a hannunta tana cewa, "Inna, ga ni." Uwar ta yi wani sauti da ban taɓa jin mutum ya yi ba.

Mutumin ya ce akwai saura, ya ga yara da yawa. Sai ta shiga kiran 'ya'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ta kira sunana. Ban riƙe ta a zuciya ba, ko a lokacin. Na cusa zanena a baki na cije. Na ji ɗumi yana bin cinyata, na san fitsari ne, ban iya tsayar da shi ba. Suka yi ta zagayawa, daga baya suka gangara wajen rafi, inda nake jin haniniyar dawakansu.

Daga nan sai shiru. Cinnaku suka same ni, suka hau ƙafata suna cizo, na bar su. Ƙafar ta mutu, na daina jin ta. Inuwar ƙaya da take gabana ta gajarce, ta juya, ta fara miƙewa ta ɗaya gefen. Jefi-jefi iska takan kawo mini muryar namiji daga rafi, don haka na san ba su tafi ba. Ƙishirwa ta dame ni, ga taɓo a gefena, amma ina tsoron ƙarar da bakina zai yi.

Rana ta karkata sosai lokacin da na ji an kira sunana daga wajen gari.

Muryar Inna ce. Na san ta kamar yadda na san ƙofar ɗakinmu. Amma sunan nawa ne, kuma waɗannan abubuwa biyu ban taɓa jin su a haɗe ba tun da aka haife ni. Ba ta ma iya faɗarsa yadda Kaka take faɗa ba. Tana jan ƙarshensa, tana karya shi a tsakiya, kamar baƙuwar da aka gaya wa sunan yanzu.

Gashin jikina ya tashi. Na ce a raina, Inna ba ta kiran sunana. Ko gobara ake yi ba za ta kira ba. To, ɗayan biyu ne. Ko dai iskar daji ce ta ari muryarta, ba ta san 'yar fari ce ni ba. Ko kuwa sun shiga gari sun kama ta, igiya tana wuyanta, wani yana bayanta da mashi. Na tuna ƙaramar yarinyar nan da taɓo a hannu. Na ƙara cusa zane a baki.

Muryar ta matso. Ta zo gindin kaɗanyar. Na ga ƙafafu, na ga bakin zanen saƙi da ta ɗaura da safe, na ga tabon ƙuna a idon sawunta na hagu. Ba kofato ba ne, ƙafar mutum ce, ƙaya ta yayyage ta. Ta tsaya daf da ni, da na miƙa hannu da na taɓa ta. Ta kira, ta sake kira, muryar tana dishewa. Ni kuwa idona yana bayanta, ina jiran ƙafafu na biyu. Ban gan su ba. Na ce wataƙila igiyar doguwa ce, yana can bayan itace yana jira in fito.

Sai ƙafafun suka juya suka nufi rafi.

A nan ne hankalina ya rabu biyu. In a ɗaure take, to rafi za a mayar da ita. In kuwa ita kaɗai ce, da ƙafarta take tafiya wurinsu, tana shelar kanta da sunana. Na cire zanen daga bakina. Na buɗe baki in ce Inna. Wallahi na buɗe. Ba abin da ya fito sai iska, irin ta zugazugin Baba in fatar ta huje. Na yi ta ƙoƙari, maƙogwaro ya ƙi. Ina ji sunana yana nisa, yana nisa, har ya ɓace. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan shirun ba, har yau da furfura ta cika mini kai.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Na riga na gama cewa an tafi da ita, sai na ji taku a bayan dutsen, a hankali, na mai jan ƙafa. Na ji an ɗaga wani abu, 'ya'yan kaɗanya suka zube. Ƙwaryata ce. Aka zagayo, aka zauna a ƙasa daɓas, a gaban tsagar, baya gare ni. Yanzu ina ganin ta har wuya. Ba igiya. Ta ɗora ƙwaryar a cinya tana shafa ɗinkin da yatsa. Ta daɗe a haka. Sannan ta yi magana da ƙwaryar, da 'yar muryar da ta rage mata, irin maganar da take yi a gindin rumbu.

"A gaya wa waccan miskilar, in tana da rai ta fito. Ni na gaji."

Wannan kam Inna ce. Ba iskar da ta san wannan, ba maharin da zai sa ta faɗe shi. Na ture ƙaya da kai na rarrafo, ƙafata ba ta ɗauka ta.

Ta juyo. Ranar ce ta fara dubana ido cikin ido, na ga ashe idanunta ba baƙaƙe ba ne sosai. Ta buɗe hannu kamar za ta rungume ni. Sai idonta ya sauka kan tsagar da na fito, ya koma kan sawun ƙafarta a laka, inda ta tsaya ɗazu tana kira. Ta ga kusancin. Na ga fuskarta ta sauya, hannun ya sauka. Ta damƙi wuyan hannuna da ƙarfi har sai da ya yi shati, ta ja ni muka bi ta cikin gonaki a sunkuye. Da muka hango ƙofar gari ta sake ni ta wuce gaba.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da aka buga ganga aka rufe ƙofa, aka duba ba ni. Baba yana kan ganuwa da baka tare da maza, an hana kowa fita. Inna ta bar ƙanena a hannun Kaka, ta je ta yi ta dukan ƙofa har masu gadi suka gaji suka buɗe mata. Tun daga bakin ganuwa ta fara ƙwala kiran sunana, duk gari yana ji. Ta kai har bakin rafi, ta tarar sun tashi ba da daɗewa ba, tokar wutarsu da zafi.

An yi makoki a garin, an tafi da mutane da dama, har da maƙwabciyarmu da ƙaramar 'yarta. Amma mutane ba sa rasa abin taunawa ko a gidan mutuwa. Maza suka ɗauki labarina. Baba ya ce, "Ban gaya muku ba? An kira ta da igiya ba ta fito ba, uwarta ma ta kira ba ta fito ba sai da ta tabbatar. Wannan zuciyarta ƙarfe ce." Yana faɗa yana dafa kaina, ni kuwa ina jin kamar in nutse, don na san zanen da na wanke a ɓoye. Mata kuma suka ɗauki na Inna. A bakin rijiya sai wata ta ce, "Ashe dai kin san sunan?" a kwashe da dariya. Ita da ake misali da ita.

Bayan wannan Inna ta daina ko aiko akuya. In tana son ruwa sai ta ɗauki tulu da kanta. In na shigo tsakar gida ta shige ɗaki. Wani lokaci ina juyowa sai in kama ta tana kallona daga bakin ƙofa, wani irin kallo da ban san shi ba, ta yi sauri ta kau da kai. Na ce shi ke nan, na jawo mata abin kunya a gari, ta tsane ni. Na ƙara shiru a kan shiruna. Abinci ya daina shiga, ina firgita da ƙarar taɓarya.

Kaka ce ta gaji da mu. Wata rana da hantsi tana tsefe mini kai, ta ja gashin da gangan.

"Ke ja'ira, me uwarki ta yi miki?"

Na ce ba komai.

"Ba komai? Ta ce ta tsaya a kanki tana kira har muryarta ta mutu, kina ji kika yi banza da ita. Kina kallo ta nufi rafi. Ta ce ramawa kika yi, don ba ta taɓa kiranki ba. Ta ce tsoronki take ji, ta haifi 'yar da ba ta da tausayi."

Na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Tsorona take ji! Ni da ko inuwata tana razana ni. Sai wani sabon tsoro ya shige ni, wanda ya fi na dawakai daɗewa. Baba ya ce ƙarfe ce ni, Inna ta ce ƙarfe ce ni, ɗaya yana murna ɗaya tana baƙin ciki, amma abu ɗaya suke gani. To in su ne da gaskiya fa? In haka zan girma, kowa yana ganin dutse, ba wanda zai taɓa sanin akwai mutum a ciki? Na fashe da kuka a cinyar Kaka, har ta tsorata, don ba ta saba ba. Na gaya mata duka.

Ta ce, "To ni kike gaya wa? Ni na tsaya a bakin dutsen?"

Na ce ai ba na iya yi wa Inna magana.

"Ita ta bakin wa take yi miki?" in ji Kaka, ta ci gaba da tsifa.

Na kwana biyu ina juya abin. Ran nan da la'asar Inna tana daka a tsakar gida, ba kowa, Baba yana maƙera, Kaka ta ɗauki ƙanena ta fita, na san kuma da gangan ta fita. Na je gindin rumbu na tsuguna gaban jar akuya. Na riƙe igiyarta. Maƙogwaro ya fara rufewa, na yi ta haɗiyar yawu har ya buɗe kaɗan.

Na ce, "A gaya wa mai daka ban taɓa jin sunana a bakinta ba, shi ya sa ban yarda ita ce ba."

Taɓarya ta ci gaba da sauka, amma a hankali.

"A gaya mata na ga an sa wa maƙwabciya igiya tana kira, na ɗauka ita ma an sa mata. A gaya mata da ta nufi rafi na buɗe baki, ya ƙi fita. A gaya mata ni ba jaruma ba ce. Fitsari na yi a zanena."

Taɓarya ta tsaya. Ban juya ba, ita ma na san ba ta juyo ba. Akuya tana ta tuƙa. Na ji Inna ta ja hanci, ta fyace da bakin zane. Can ta ce, "A gaya wa waccan ta zo ta kama mini dakan nan, hannuna ya gaji."

Na je. Ta miƙo taɓaryar, na kama, ba ta saki ba. Hannunta yana kan nawa muka ɗaga, muka sauke, muka yi ta yi har gero ya wuce yadda ake so. Ba ta dube ni ba. Ba ta kuma sake kiran sunana ba har ta koma ga Allah. Amma daga ranar in maƙwabta suka ce waccan 'yar taki ba ta da tsoro, nakan ji ta ce, "Ku dai ba ku san ta ba." Baba kuwa har ya rasu yana ba da labarin jaruntata, na bar shi da abinsa.

Da na yi aure na haifi ɗana na fari, mahara ba su daina zuwa ba. Na yi masa kunya kamar kowace mace, ba na son a yi da ni a bakin rijiya. A tsakar gida shi ma wancan ne. Yaro ne mai shiru, yana da irin kallon nan nawa, ubansa har ya fara cewa jarumi ne. Da ya isa fita ƙofa, ran nan na faki idon mutane na ja shi bayan rumbu. Na tsuguna na kama kafaɗunsa, na faɗi sunansa. Ya zaro ido yana waige-waige. Na sake faɗa, a hankali, sannan da ɗan ƙarfi, sannan yadda zan faɗa in ina gudu, har sai da na ga ya zauna masa a kunne.

Ya ce, "Inna, me na yi?"

Na ce, "Ba ka yi komai ba. So nake ka san yadda yake a bakina. In ka ji shi a daji, ni ce."

Ya gyaɗa kai, zai tafi. Na riƙo shi.

"Amma kada ka fito sai ka ga wuyana."